Tukwicin Murya

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kazaure kafin talabijin ta shiga gidaje ya san Kawu na majigi. Wani manomi ne mai malafa da guntun gemu, wanda a kowane fim sai ya tafka wauta tukuna yake gane gaskiya. Yau ya ƙi zuba takin zamani geronsa ya tsumbure, gobe ya sha ruwan kududdufi kurkunu ya kwantar da shi da damina. Mutane suna sonsa kamar ɗan gidansu. Abin da ba su sani ba shi ne, Kawu mutum biyu ne. Fuskar ta wani ɗan wasa ce mai suna Maikasuwa, mutumin Babura. Muryar kuwa tawa ce, ni Sama'ilu na Roni.

Finafinan majigi na lokacin ba sa magana. Hoto ne kawai yake motsi a jikin farin ƙyalle, sai a zaunar da wani cikin mota da makirfo yana yi wa mutanen cikin fim baki. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki, ni da Toma, wani mutumin kudancin Zariya da yake tuƙa motar ya kuma kula da inji. Ba yabon kai ba, Allah ya yi mini murya. In na yi gyaran murya a dandalin Gwiwa, na can bayan gari ma sai ya ajiye kwanon tuwonsa ya taho. Shi kuwa Maikasuwa, duk kyan fuskar nan da iya kwaikwayo, in'ina gare shi, ga 'yar murya siririya kamar ta ɗan akuyar da ya ɓace wa uwarsa. Saboda haka ba ya buɗe baki a cikin mutane. In ya shiga kasuwa ana "Kawu, Kawu", murmushi yake yi ya ɗaga malafa, a ce ai Kawu kawaici gare shi a fili.

Sai na faɗi wani abu game da mahaifiyata kafin in ci gaba, don ita ce dalilin wannan rubutu. Sunanta Dela. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da aka yaye ni aka miƙa wa kakata, ba ta sake ɗaukata ba, ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta ambace ni sai ta ce "yaron gidan nan". In na gaishe ta sai ta ja mayafi, ta juya fuskarta ga bango, ta amsa da "mm" can cikin maƙogwaro. In akwai abin da take so in yi, matata Saude take gaya wa, ina tsugune a wurin kamar turmi. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, amma wallahi abin yana cin raina. Ƙannena kowa ta yi hira da shi, ta zage shi, ta yi masa dariya. Ni ko zagin ban samu ba.

Da hakiya ta rufe mata ido duka biyu, na ɗauko ta na dawo da ita gidana. Daga nan ba abin da ya rage tsakanina da ita sai sallamata. Ba ta san fuskata da hannu ba, tun da ba ta taɓa shafawa ba. In na tsaya a bakin ƙofa na ce salamu alaikum, sai in ga hannunta ya tafi neman mayafi. Wannan juya fuskar ita ce duk rabona na uwa, kuma ban san ina ji da ita ba sai da na ga za ta suɓuce.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki, kuɗin mai ya cika gari, duk mai babbar riga ya zama ɗan siyasa. Sai wasu 'yan kasuwar hatsi na Babura da wasu malaman makaranta suka lura cewa ba wanda talakawa suka yarda da shi kamar Kawu, musamman mata, waɗanda a wannan karon ne za su fara jefa ƙuri'ar majalisa. Suka kafa masa sabuwar jam'iyya mai dogon suna wanda ba wanda ya riƙe. Alamarta malafa ce, kowa sai ya ce jam'iyyar Malafa. Lokacin ba a ƙirƙiro Jigawa ba, majalisar jiharmu tana Kano. Maikasuwa ya tsaya wa kujerar Babura, wasu suka fake a ƙarƙashin malafarsa suka tsaya wa ta Kazaure da Roni da Gwiwa da sauran wurare. Matsala ɗaya ce: ɗan takara dole ya yi magana.

Maikasuwa ya same ni wata Talata bayan azahar a bakin dam ɗin Kazaure, ni da Toma muna wanke mota. Ya daɗe yana kokawa da kalmomi kafin na gane abin da yake so. Zai hau kan mota ya sauke malafa ta rufe masa rabin fuska, ya kara makirfon da ba a haɗa da komai ba a baki, ni kuma ina ciki bayan labule da na gaske ina magana. Abin da muka saba ne, sai dai yanzu ba ƙyalle. Na ce wannan ai ba komai ba ne, na bar aikin gwamnati na bi shi, dama na gaji da kurkunu da takin zamani. Sai ya dube ni ido cikin ido.

"A-a-aro za ka ba ni, ko kya-kyauta?"

Dariya ta kama ni. Na ce, "Kai dai Maikasuwa ba ka rabo da ciniki. Na ba ka, halak malak. Me nake yi da ita in ba surutu ba?"

Ya juya ya tambayi Toma ko ya ji. Toma ya ce ya ji, yana matse tsumma. Sai Maikasuwa ya sa hannu a aljihu ya fito da farin goro guda ɗaya naɗe cikin ganye, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ga tukwici," in ji shi.

Na ɓare na jefa a baki. Sai daga baya na tuna cewa a kalmomin nan biyu harshensa bai sarƙe ba ko kaɗan.

Da na koma Roni na ba Saude labari don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tsayar da taɓarya ta tambaye ni tun yaushe ake ba da tukwicin aro. Ta ce wanda ya kawo kyauta ake ba tukwici, in ya karɓa kuwa magana ta ƙare, kaya sun zama na mai su. Na ce ta ji da dakanta ta bar wa maza siyasa. Wannan amsa tana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu har yau.

Muka shiga yawon neman ƙuri'a da farkon damina, Toma ma ya bar aikin ya biyo mu yana tuƙi. Abin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Manyan jam'iyyu suna zuwa da motoci goma da makaɗa, mu motarmu ɗaya ce da malafa, amma in muka tsaya a gari har masu noma sukan yar da fartanya su taho. Tsofaffin mata suna kuka suna cewa ashe Kawu zai fito daga cikin ƙyalle su gan shi da rana. Ni kuwa ina cikin mota gumi yana tsiyaya, ina leƙensa ta wata 'yar huda a rufi, ina zuba alkawarin rijiya da asibiti da hanya. Da fari shi yake bina, in na ɗaga murya ya ɗaga hannu. Bayan kamar mako uku sai na lura ni nake binsa. Sai ya ɗaga hannu tukuna maganar take zuwa bakina, wani lokaci ma maganar da ban shirya ba.

A kasuwar Gwiwa aka fara. Rana tsaka ce, ba gajimare ko ɗaya, ƙishi ya dame ni. Na kai daidai inda nake cewa, "Shekara nawa ana ce muku za a haƙa rijiya," sai na kawar da makirfo na kafa baki a gorar ruwa. Ina cikin haɗiya na ji an ƙarasa a waje: "ku kuwa har yau da jaki kuke zuwa rafi." Muryata ce. Har ɗan karyewar da nake yi a ƙarshen magana yana nan. Jama'a suka ɗauki sowa. Ruwan ya sarƙe ni, na yi ta tari, maganar kuwa ba ta tsaya ba sai da ta kai aya. Na dubi Toma da yake zaune a gaba. Bai waiwayo ba, amma na ga bayan wuyansa ya jiƙe.

Na ce wa kaina gajiya ce, ko kuwa na faɗa ne na manta. Mutum in ba ya son ganin abu, dabara ba ta ƙare masa.

Kwana uku bayan haka muna Babura ranar kasuwa, 'yan Nijar sun cika gari da raƙuma da sefa. Muka gama taro lafiya, na yi magana ta kusan awa guda. Da jama'a suka watse suka bi Maikasuwa, Toma ya kira ni bayan mota. Ya ɗago wata waya ya nuna mini bakinta a sake, ƙura ta hau shi.

"Malam Sama'ilu, wannan ita ce wayar makirfonka," in ji shi. "Tun Gwiwa na cire ta da hannuna, don in gani. Batir ma ban haɗa ba. Taɓa lasifikar ka ji."

Na hau na taɓa. Ba ɗumin aiki a jikinta, ba ko ɗan zirin ƙarar nan da take yi in tana kunne. Taro biyar ke nan ina zuba magana cikin mataccen ƙarfe, mutane kuma suna ji har bayan kasuwa. Toma ya ce shi ba ya aiki da injin da yake yi ba wuta. A ranar ya ajiye makullin mota, ya koma Kazaure ya buɗe rumfar gyaran rediyo.

Na so in ce masa ya tsaya. Na buɗe baki, sai "ts" ta maƙale mini a haƙori, na yi ta maimaita ta har ya sha kwana. Wannan ce in'inata ta farko a duniya, ina da shekara arba'in da ɗaya.

Daga nan abin ya riƙa tafiya kamar gishiri a ruwa. Yau in kasa ce wa mai shayi ya ƙara sukari, gobe Fatiha ta tsaya mini a sallar magariba. Muryar kanta ta fara sirancewa. Ba asarar aiki ce ta tsorata ni ba, ba kuma dariyar mutane ba. Ranar da na koma Roni na yi sallama a bakin ƙofa, Inna tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Hannunta bai tafi ga mayafi ba. Ta karkata kai tana saurare, kamar mai jiran a sake. Na tattara duk ƙarfina na sake yi daga can cikin ƙirji. Sai a sannan ta juya ga bango, a hankali, kamar mai shakka. Na san in na sake makonni biyu a haka, uwata ba za ta san ni ba.

Washegari da hantsi na tafi Babura na sami Maikasuwa a zaurensa, shi kaɗai, yana gyara igiyar malafa. Na ce masa na fasa, ya ba ni abina. Kafin in gama wannan 'yar magana sai da gumi ya karyo mini. Ya saurare ni da haƙuri, irin haƙurin da ban taɓa yi masa ba lokacin da shi ne mai in'inar. Sannan ya ɗago kai.

"Sama'ilu, na tambaye ka a gaban shaida. Kai ka ce kyauta."

Ban taɓa jin muryata daga waje ba tare da ƙarar inji ba. Ashe haka take da daɗi. Tana fitowa daga bakinsa a natse, har da ɗan gyaran muryar da na gada wurin mahaifina. Na ce wasa nake yi a ranar. Ya ce shi bai taɓa samun bakin yin wasa ba, saboda haka bai san shi ba. Na ce ya gaya mini wane malami ya yi masa wannan aiki. Ya rantse bai je wurin kowa ba, roƙo ya yi aka ba shi, ya ba da tukwici aka ci. Ya ce shekara goma sha huɗu ana son fuskarsa da muryar wani, in ya koma gida ko 'ya'yansa ba sa iya jira ya gama magana. Da na dubi idonsa ban ga mugunta ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Na sayi farin goro har ƙwarya guda na kai masa, ya ƙi karɓa. Ya ce ba a mayar da tukwici.

Ranar zaɓe aka tashi da yayyafi. Tun da safe mata suka yi layi a makarantar firamare ta Roni, layin da ya fi na maza tsawo sau biyu. Inna, wadda rabonta da fita tun makantarta, ta sa Saude ta ja ta har rumfar zaɓe. Malamin zaɓe ya yarda Saude ta riƙe mata yatsa. Da suka dawo Saude ta gaya mini abin da ta ce a layi: ita ba ta san wata malafa ba, amma a dangwala mata inda mai maganar nan yake. Ni kuwa na shiga na tsaya da tawada a yatsa na rasa inda zan sa. Daga ƙarshe na dangwala wa wata jam'iyyar da ban ma san ɗan takararta ba, don haushi.

Ƙuri'ata ba ta hana komai ba. A rumfar Toma na ji sakamako da safe, rediyo huɗu suna faɗa a tare. Malafa ta cinye Babura, ta cinye Kazaure da Roni da Gwiwa, ta tsallaka ta kwashi kujerun da ko zuwa ba mu yi ba. Manyan jam'iyyu suka yi ta ƙorafin an yi musu sihiri, ba su san kusan gaskiya suka faɗa ba. Aka sa Maikasuwa a rediyo ya yi godiya. Toma ya dube ni, ya dubi rediyon, ya miƙa hannu ya kashe su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kwana shida Maikasuwa ya zo Roni yin godiya, ya ce sai ya shiga ya gai da Inna. Na so in hana, bakina bai ba ni haɗin kai ba. La'asar ce sakaliya, an ɗauke ruwa, kaji suna tono a tsakar gida. Ya cire takalmi ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta ya yi sallama. Kafin ya rufe baki hannunta ya kai ga mayafi. Ta juya fuskarta ga bango ta ce "mm". Ya gaishe ta, ya yi mata addu'a, ya tashi ya fita, bai ma san abin da ya ɗauka ba.

Sai na matsa na yi tawa sallamar. Ta fito a guntu-guntu, siririya. Inna ta saki mayafi ta juyo da fuskarta sosai gare ni, tana murmushi. Ban taɓa ganin fuskar nan gaba da gaba a kusa haka ba. Ashe tana da wushirya.

"Wa alaikumus salam. Maraba da baƙo. Shigo ka zauna, kar ka tsaya a jiƙe. Tare kuke da yaron gidan nan?"

Saude ta saki kwanon da yake hannunta. Ta durƙusa ta rantse mata cewa wannan shi ne ɗanta, wancan da ya fita baƙo ne. Inna ta ce idonta ne ya mutu, kunnenta yana nan, kuma a bar yi mata wasa da abin da ba a wasa da shi. Sannan ta tambaye ni sunana. Na daɗe kafin na fitar da shi. Ta ce wannan suna ne da ba ya fita a bakinta, in yi haƙuri, za ta riƙa ce mini Baƙo.

Na fita bayan gida na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu. Na yi niyyar in dawo in kawo mata hujjoji, sai na tarar ba ni da su. Me muka taɓa yi tare da zan tuna mata? Da na dawo na same ta tana jirana, ta sa Saude ta ajiye mini fura. Ta ce in zauna in taya ta hira, tun da yaron gidan nan ya tafi Kano aikin majalisa, gidan ya yi mata shiru.

Na zauna. A wannan yammacin ta yi mini maganar da ta fi duk wadda ta yi mini a shekara arba'in da ɗaya. Ta ba ni labarin ranar da aka yaye yaron gidan nan, yadda ta bi bayan kakarsa a ɓoye har bakin dutse ta dawo nononta yana zuba. Ta ce duk ranar da majigi ya zo Roni takan zauna a bayan danga ta ba ƙyallen baya, don ba hoton ya kawo ta ba. Nan ne kaɗai take iya sauraronsa har ya gama ba wanda zai ce ba ta da kunya. Ta ce ya iya magana tun yana ƙarami, ya gado ubansa, sai dai yana da saurin ba da abin hannunsa. Ta yi dariya da ta faɗi haka. Ni ban yi ba.

Saude ta ce mu kira liman da dattawan unguwa su yi mata bayani. Na hana. Ku ce son kai ne, na yarda. Na rasa uwar da take juya mini baya, na sami tsohuwar da take tsokanata, tana ce mini Baƙo mai cin tuwon gidan mutane ba ya tafiya. Har zagin da nake nema na samu. Amma duk lokacin da ta ce "yaron gidan nan" sai ta karkata kai wajen hanyar Kano, ni kuma in ji kamar an zare mini wani abu a ciki.

Kullum bayan la'asar rediyo yakan kawo rahoton majalisa. Aikina ne in kunna mata. In Maikasuwa ya miƙe yana magana a kan rijiyoyin Gwiwa, sai ta ja mayafi ta juya wa rediyon baya, ta saurara har ƙarshe. Ni ina gefe ina jin muryata tana faɗin abubuwan da ban taɓa tunani ba, wani lokaci tana gyara murya daidai lokacin da maƙogwarona yake ƙaiƙayi. Rijiyoyin dai an haƙa wasu, ba zan yi masa ƙarya ba. Shekara huɗu muka yi a haka.

A daminar ta huɗu ciwo ya kwantar da ita. Wata Laraba bayan la'asar na kunna rediyo kamar kullum, muryar ta cika ɗakin. Sai ta ɗaga hannu ta ce in kashe. Ba ta taɓa cewa haka ba. Na kashe, ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo. Ta laluba ƙarƙashin matashinta ta jawo wani ɗan ƙulli na tsohon saƙi, ta tura mini. Na kwance. 'Yar rigar jariri ce, ta yi ja don tsufa, wadda ko tafin hannuna biyu ba ta rufe ba.

"Baƙo, amana ce. Ka kai wa yaron gidan nan. Ka ce masa ban taɓa yar da ita ba."

Na riƙe rigar. Na ce mata zan kai, amma ta yi haƙuri sai an ɗauke ruwa, hanyar Kano ta lalace. Na daɗe a kan kalmar Kano kafin ta fita. Ta jira ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"Wa ya ce maka Kano?" in ji ta.

Sannan ta laluba ta jawo mayafinta, ta juya fuskarta ga bango. Na ce, "Inna." Ta ce "mm", can cikin maƙogwaro.

Ba ta sake juyowa ba. Kafin a kira magariba Saude ta shigo ta rufe mata ido.